Wa ya fara ƙirƙiro manuni a kwamfuta?

Tun ranar 19 ga Yulin 2024, da sabuntawar manhajar kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, bakin masu rubuta manhaja bai huta ba a kan manuni. Binciken kamfanin ya nuna manhajar ta leƙa wani gurbi ne da ba nata ba a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Tsohon ciwo ne.

Manuni ba ya riƙe bayani, adireshin inda bayanin yake kawai yake riƙewa. Maimakon a kinkimo kaya duka a kai wa mai bukata, sai a ba shi kwatancen gidan. Ana samun sauri, ana tsimin wuri. Amma in kwatancen ya karkace, ko an riga an rushe gidan, manhaja ta faɗi, ko ɓarawo ya samu ƙofa.

Littattafan Amurka sukan ce Harold Lawson ne ya fito da shi a 1964, cikin harshen PL/I na IBM, har aka karrama shi a kan haka a shekarar 2000. Ni dai wannan labarin bai cika mini ciki ba.

A Kiev akwai Kateryna Yushchenko. A 1937 aka kama mahaifinta, jami'a ta kore ta da tambarin 'yar maƙiyin al'umma, dole ta tafi can Uzbekistan ta ƙarasa karatun lissafi. Da ta dawo Ukraine, ta tsinci kanta a gaban MESM, wata ƙatuwar kwamfuta mai cike da kwalaben lantarki, wadda ƙwaƙwalwarta ba ta taka kara ta karya ba. Ƙuncin nan ne ya matsa mata. A 1955, ita da Vladimir Korolyuk suka tsara harshen da ya ginu a kan adireshi. Ɗan ƙaramin tsinke take sawa a jikin lamba, ma'anarsa a je a ɗauko abin da ke wannan adireshin. In tsinken biyu ne, abin da aka tarar ma adireshi ne, a ƙara gaba. Wannan ai shi ne manuni, shekara tara kafin Lawson. Sai dai da Rashanci aka wallafa aikin, lokacin yaƙin cacar baka, ina Amurkawa za su duba? Lawson ya shigar da shi harshen da duniya ta karɓa, wannan nasa ne, amma ba shi ya fara ba.

Sauran a gurguje. A 1965 Tony Hoare ya ƙaro manunin da ba ya nuna komai, a 2009 ya fito fili ya kira shi kuskuren dala biliyan. Harshen C na Dennis Ritchie ya sakar wa kowa linzamin amfani da manuni a 1972. A 2019 Microsoft ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da take toshewa daga ƙwaƙwalwa suke, kuma a Fabrairun 2024 fadar White House ta nemi a koma harsuna irin su Rust, masu tsare manuni tun kafin manhaja ta tashi.