Gidan Ma'aji: Tarihin Baitulmalin En'e ta Kano

A ƙasar Karaye, daga Rogo zuwa Zoza da Zarewa, har yanzu akwai dattawan da ke auna girman namiji da ranar da aka sa sunansa a littafin haraji. Sun san hannun da ya karɓi kuɗin, wato mai unguwa da dagaci, amma ba a cika ba da labarin gidan da kuɗin ke kwana ba. Wannan gida shi ne Baitulmalin En'e ta Kano, wanda mutane suka fi sani da Gidan Ma'aji. An kafa shi a 1909, ya kuma shafe kusan shekara saba'in yana riƙe da dukiyar masarauta mafi arziki a Arewa.

Haraji ba baƙon Kano ba ne. Tun kafin Turawa, manomi na biyan kuɗin ƙasa da zakkar hatsi, mai lambu na biyan kuɗin rafi, mai rini na biyan kuɗin karofi, makiyayi na biyan jangali. Matsalar tana ga hanyar da kuɗin ke bi. Yawancin masu sarautar da ke riƙe da garuruwa a birni suke zaune, sai su tura jakadu su karɓo musu. Jakada ya ci nasa, uban gidansa ya ci nasa, abin da ya rage ya isa fada, da wuri ko da tufa ko da dawaki. Karaye ta ɗan bambanta, domin tana cikin manyan garuruwa irin su Rano da Gaya da Dutse masu sarakunansu a zaune a gida, amma ita ma ba ta da littafin da za a buɗe a ga abin da ya shiga da abin da ya fita.

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, Gwamna Lugga kuma ya naɗa Wambai Abbas sarki. Razdan Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, shi ya yanka ƙasar gunduma-gunduma, ya tura hakimai su zauna cikin jama'arsu, ya kawar da jakadu. Sai dai ya yi gaggawa, har dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da fada. Razdan Temple da ya zo a 1909 shi ya gyara zama. Ya ɗauko tsarin da aka fara gwadawa a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer: a tara duk abin da aka karɓa wuri ɗaya, gwamnati ta ɗauki rabi, rabi ya zauna a Baitulmali, a riƙa biyan sarki da waziri da alkalai da dogarai albashi tsayayye.

A nan ya kamata a yaba wa Sarki Abbas. Sarkin da ya gaji al'adar cewa dukiyar ƙasa a hannunsa take, yana kyauta yadda ya ga dama, ya yarda a yanka masa albashi, a kuma raba aljihunsa da aljihun masarauta. Da ya ƙi, da tsarin ya zama na Turawa zalla, ana yi ana zagon ƙasa. Tare da shi akwai Waziri Gidado, malami kuma tsohon Alkalin Kano, wanda ya taimaka aka ɗora sabon tsarin a kan abin da malamai suka riga suka sani a littattafan fiƙihu game da dukiyar al'umma.

A daidai wannan lokaci aka tsara dokar ƙasa. Gwamna Girouard ya sa aka kafa kwamiti a Landan a 1908, daga rahotonsa kuma aka fitar da dokar 1910 wadda ta ce duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Girouard da Temple sun sha karatun Henry George, Ba'amurken da ke ganin kuɗin hayar ƙasa haƙƙin jama'a ne, don haka suka so harajin manomi ya zama tamkar hayar gonarsa. Daga nan aka samo taki. Malamin taki zai bi gona da ƙafa, ya ƙirga tsawo, ya ƙirga faɗi, ya rubuta sunan mai ita, a yanka masa gwargwadon girmanta. An fi yin haka a gundumomin kewayen birni inda gona ke da tsada. Garuruwan nesa kuwa akan yanka wa gari jimla ɗaya, dagaci da masu unguwanni su rarraba bisa ƙarfin kowane magidanci. Rigimar iyaka da gado da jinginar gona kuma Majalisar Sarki ke yanke ta, ana rubutawa da Larabci, kuma rubutun zamanin Abbas na nan masana na karantawa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanoni da Kwarori da mutanen Kudu suka kwararo. Dokar 1910 ta hana a sayar musu da ƙasa. Sai dai a ba kamfani takardar izinin zama, ya biya haya, a kuma sake duba hayar duk bayan shekarun da ba su wuce bakwai ba. An yanka fulotai a Sabon Gari wajen 1913, aka sa unguwar ƙarƙashin majistaren Bature da dokarsa, har zuwa 1940 da aka mayar da ita hannun En'e. Wannan doka ce ta sa ba a ga Bature ya mallaki gandu a ƙasar Kano ba, kamar yadda aka yi a Kenya da Rodeshiya.

A ƙauye, haraji na zuwa ne da kaka. Malamin haraji zai sauka ƙofar gidan dagaci da littafinsa, a shimfiɗa tabarma, mai unguwa na kiran suna, magidanci na kwance bakin zani ko lalita yana zube sulalla da sisi da taro. A jera su kashi-kashi, a yago masa rasit, ya naɗe ya ajiye a gwangwani, domin ita ce shaidarsa idan ya fita cin rani ɗan doka ya tare shi. A ɗure kuɗin a jaka, dogari ya raka su gidan hakimi a Karaye, daga can sai birni, inda za a sake ƙirgawa a gaban Ma'aji. Da yake da kuɗin Turawa ake biya, dole manomi ya shuka abin sayarwa, shi ya sa auduga da gyaɗa suka samu gindin zama a wannan yanki.

Zamanin da Baitulmali ya fi haskakawa shi ne na Sarki Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953. Ya yi hakimci kafin ya hau gado, ya san littafin haraji ciki da bai. Ya raba aiki tsakanin 'yan majalisarsa: Madaki na kula da hakimai, Galadima da birni, Waziri da shari'a, Ma'aji da kuɗi. A 1928 aka ɗaga kason manyan baitulmalai irin na Kano zuwa kashi 70 cikin 100. Da wannan kuɗi aka jawo ruwa daga Challawa zuwa tankin Goron Dutse, aka kawo wutar lantarki, aikin da aka buɗe a 1931 a lokacin da birane ƙalilan ne a Afirka ta Yamma ke da irinsa. Da kuɗin Baitulmali aka gina Asibitin Birni, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala, da Midil ta Kano, da makarantar alkalai ta Shahuci. A 1934 aka buɗe makarantar shari'a da ta zama Makarantar Nazarin Larabci. En'e na da ma'aikatar safiyo da maɗaba'a da sashen ayyuka nata, kuma a ƙarshen zamanin Abdullahi Bayero aka sake gina Babban Masallacin Juma'a. Kowace shekara ana rubuta ƙiyasi, ana ware kuɗin ajiya, mai binciken kuɗi na bin kowane kwabo.

Ba a rasa shekarun wuya ba. An karɓi haraji a yunwar 1914, an karɓa kuma lokacin da farashin gyaɗa ya faɗi a farkon shekarun 1930, har wasu suka tsallaka ƙasar Zazzau ko Katsina don gudun biya. Amma yawan abin da za a yanka sai da amincewar Razdan, kuma zaluncin da 'yan jam'iyyar NEPU suka yi ta kuka da shi daga 1950 ya fi faruwa a hannun masu karɓa. Binciken da Muffett ya yi kan kuɗin En'e a 1962, wanda ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963, ya samu baitulmalin da ayyuka suka yi wa yawa, a daidai lokacin da siyasar Kaduna da Kano ta ɗau zafi. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidan yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rarraba abin da ya rage, Gwamna Abubakar Rimi kuma ya soke haraji da jangali a 1979.

Yau Karaye da Rogo kowace na da ƙaramar hukumarta da ma'ajinta, amma ido na kan kason da ke zuwa daga Abuja. Babu mai neman a dawo da harajin kai. Abin da ya kamata a dawo da shi shi ne tarbiyyar Gidan Ma'aji: rajistar gonaki da fulotai da za ta rage shari'ar iyaka, rasit a kan kowane kuɗin kasuwa da na tasha, ƙiyasin da za a karanta wa jama'a, da bincike a ƙarshen shekara. Takardun wancan zamani na nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ya kamata kuma a riƙa koyar da su ga duk wanda za a damƙa wa kuɗin ƙaramar hukuma. Mutumin Zoza da ke biyan kuɗin rumfa yana da haƙƙin sanin nawa aka tara da kuma aikin da aka yi da shi a mazaɓarsa.