Yadda Makaɗan Fada na Ƙasar Gobir Ke Shirya Waƙa

Mutane da yawa, har da waɗansu masu ilmi, suna zaton makaɗin fada ba ya shiri, watau da zarar ya tsaya gaban sarki sai waƙa ta yi ta zubo masa. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna cewa babbar waƙar fada gini ce da akan daɗe ana yi, kuma ba a gama ta muddin mai ita yana da rai. Za mu ɗauki misali daga gabashin Sakkwato, watau Isa da Sabon Birni da ƙauyukansu irin su Burkusuma.

Sai mu fara da tarihin ƙasar, domin shi ne kayan aikin makaɗi. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri, wadda yau take cikin Nijar. Daga baya Ɗan Halima ya rabu da su, ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ribaɗi ce ta zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta haka aka sami gidaje biyu maƙwabta, kowanne ana ce wa mai shi Sarkin Gobir, amma asalinsu dabam. Makaɗin da ya kuskure ya jingina wa wannan gida kakan wancan, ba waƙa kaɗai ya ɓata ba, ya zubar da tuwonsa.

A cikin wannan hali Ibrahim Narambaɗa ya tashi. Mutumin Tubali ne, ya fara da kiɗan noma, sa'an nan ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ya yi sarauta daga 1935 zuwa 1975. Abin kiɗansa kotso ne, ya kuwa rasu a farkon shekarun 1960. Tafarkin da shi da takwarorinsa, irin su Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo, suka bi yana da hawa huɗu.

Na farko shi ne tara kaya. Makaɗi yakan zauna da fadawa da dattawa, ya ji nasabar ubangidansa, da kirarin kakanninsa, da sunayen barorinsa da dawakinsa. Yakan kuma kasa kunne ya san wane ɗan sarki ke hangen gadon, domin a nan zambo da habaici ke samun abinci.

Na biyu shi ne neman gindi, watau 'yan kalmomin nan da ake komawa gare su bayan kowane ɗa na waƙa. Nan ne wuyar aikin take. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, saboda haka tilas karin gindin ya zauna daidai da abin da kotso zai iya faɗa in an matse tsarkiyarsa ko an sassauta. In gindi ya zauna, ɗiya sukan biyo baya. In ya karkace, kome daɗin zance waƙar ba ta tafiya.

Na uku shi ne bita da 'yan amshi. Mai tsara kiɗa a Turai yakan rubuta abinsa a takarda ya miƙa wa makaɗa. Makaɗin Gobir kuwa ƙirjin yaransa shi ne takardarsa. Da su yake gwada inda zai ajiye zance su karɓe, da inda za su ƙara, da inda za su raka shi. Ashe ke nan waƙar ta jagora ce, amma hannu da yawa ya taɓa ta.

Na huɗu shi ne fito da ita a fada, ranar salla ko naɗin sarauta. Ko a nan ba ta ƙare ba. Baƙo ya iso a sa masa ɗa, bafade ya mutu ko ya yi laifi a cire nasa. Gindi na nan daram, ɗiya suna sauyawa.

Wannan yana da muhimmanci ga malamai. Abin da faifai ya riƙe mana na Bakandamiyar Narambaɗa rerawa ce ta rana guda, ba dukan rayuwar waƙar ba. Bai kamata a koya wa ɗalibi cewa wadda ke hannunsa ita ce sahihiya, sauran kuwa ɓatattu ne ba. Haka kuma kada a mai da Gobirancinta Hausar Kano wajen rubutawa, domin sau da yawa kari yakan karye.

Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun share fage a wannan nazari. Abin da ya rage shi ne a nemi zuriyar 'yan amshi da tsofaffin fadawa a ɗauki abin da ke bakinsu, tun da rashin zaman lafiya na shekarun nan ya tarwatsa ƙauyuka da yawa na Isa da Sabon Birni. Aiki ne da ba ya son jinkiri.