Maƙoƙon Goggo da Tarihin Ƙwayar Ciwo



Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma a da ya san maƙoƙo, kumburin nan na wuya da ya fi kama mata. Wasu kan ce jifa ne, alhali galibi ƙarancin sinadarin aidin ne a abinci. Shi ya sa a 1993 gwamnatin Najeriya ta wajabta sanya shi a gishiri. To amma maƙoƙon da ya riga ya yi girma har yana danne numfashi, sai wuƙar likita.

Goggona ta Kurfi na cikin waɗanda aka yi wa aikin. Da aka sallame ta, aka kawo ta gidanmu a Dutsin-Ma jinya. Maganin ciwon da aka rubuta mata biyu ne kacal, farasitamol da ibuprofen. Na raina su. Na ce, "Goggo, a yanka wuyan mutum a ba shi ƙwayar ciwon kai? Bari in je kemis in ƙaro miki asfirin ko tiramol." Ta ce, "Ɗan nan, abin da likita ya rubuta shi zan sha."

Sai da na bi tarihin abin na gane ta fi ni gaskiya.

A ƙarni na 19 zubar jini na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan aiki. Wani likitan Suwizalan, Theodor Kocher, shi ya ƙware wajen ɗaure jijiyoyin wuya ɗaya bayan ɗaya har mutuwar ta ragu ƙwarai, aka ba shi kyautar Nobel a 1909. Amma tsoron bai gushe ba, domin jinin da ya taru a wuya bayan aiki yana iya shaƙe mutum.

Asfirin kuwa ya shiga kasuwa a 1899. A 1971 John Vane na Ingila ya gano yadda yake kashe ciwo da kumburi. Matsalarsa, yana rage daskarewar jini har kusan mako guda. Ibuprofen, wanda Stewart Adams da abokan aikinsa suka samar, aka fara sayarwa a Ingila a 1969, dangin asfirin ne, sai dai tasirinsa a jini yakan wuce cikin kwana ɗaya. Likitoci sun daɗe suna ɗari-ɗari da shi, amma yau da yawansu na haɗa shi da farasitamol bayan aikin maƙoƙo, don kauce wa ƙwayoyi masu kama jiki irin tiramol, wanda kowa ya ga ɓarnarsa a matasanmu.

Duk da haka ba na kowa ba ne. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya sanar da likita tun farko. In kuma wuya ya kumbura, numfashi ya yi nauyi, a garzaya asibiti, ba kemis ba.

Goggo ta warke, ta koma Kurfi. Da ta biye mini, Allah kaɗai Ya san ƙarshen labarin.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.