Takardun da bai kamata a saka wa na'urar buga takardu ko ta fotokopi ba

Na'urorin ofis an ƙera su ne don takarda A4, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297, wadda nauyinta ya kai giram 80 a kowace murabba'in mita. Abu biyu ne ke lalata takardar da ta saɓa wa wannan: zafi, da kuma tayoyin robar da ke jan ta.

A na'ura mai aiki da leza, garin tawada ba ya kama takarda sai an gasa shi da zafin da ke kusan digiri 200. Duk abin da ke narkewa haɗari ne a nan. Takardar hoto mai sheƙi da aka yi domin na'ura mai tawadar ruwa, fuskarta na iya narkewa ta manne wa sashen da ke gasawa, wanda yana cikin sassa masu tsada. Haka ma ambulan mai tagar leda, da takardar lambobi masu gam idan an riga an ɓare wasu daga cikinsu. Ita kuwa takardar rasit ta kantuna da gidajen mai, zafi ne ke fito da rubutunta, don haka baƙi ƙirin take komawa.

Sashen sama na injin fotokopi, wanda ke jan takardu ɗaya bayan ɗaya da kansa, matsalarsa dabam ce. Yana lanƙwasa takarda ya bi da ita ta wata siririyar hanya. Kwali mai kauri yakan maƙale, takarda marar kauri kuma ta yage. Ƙarafan da ake haɗa takardu da su kan karce gilashi, su ci robar. Takardar karbon da farin ruwan goge kuskure da bai bushe ba suna barin datti, sai layi ya riƙa fitowa a kowane kwafi.

Yanayi ma na da tasa rawar. Da damina takarda kan sha laima ta nannaɗe. Da hunturu bushewar iska kan sa takardu su manne da juna, na'ura ta ja biyu ko uku a tare, ga ƙura da ke sa roba santsi. Shi ya sa ake barin ƙunshin a rufe, a kwance, sannan a kaɗa takardun kafin a saka.

Babbar asarar ba a kan na'ura take ba. Lokacin haɗa takardun jarrabawar BEPC da BAC ko na neman aiki, mutane kan zo da tsohuwar takardar haihuwa ko difloma da ta sha ninki. Irin waɗannan, da hotuna da katin ɗan ƙasa, a kan gilashi ake shimfiɗa su a rufe murfi, ko da layi ya yi tsawo. Takarda ta asali da ta yage, sake samun ta sai an yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi.