Mace-mace da Manyan Sanadansu a Gundumar Mayo Bani, Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa: Bitar Bayanai da Matsalar Rajista

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yawan mace-mace da manyan abubuwan da ke jawo su a gundumar Mayo Bani ta jihar Adamawa. An dogara ne da binciken yawan jama'a da lafiya na ƙasa na 2018, da binciken baka kan sanadin mutuwar yara na 2014 da 2019, da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, aka auna su da yanayin ƙasar Mubi da tarihinta na kusa. Nazarin ya nuna cewa nauyin mutuwa ya fi sauka a kan jarirai, da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da mata masu juna biyu, kuma akasarin sanadan ana iya kauce musu. Maƙalar ta yi matsayar cewa kundin asibiti kaɗai ba zai iya nuna yawan mace-macen karkara ba, sai an haɗa da rajistar da al'umma ke riƙewa da kanta.

Gabatarwa

Mayo Bani na ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, tare da irin su Betso, Digil, Vimtim, Muchalla da Bahuli. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 150,000. Ƙasa ce ta noma da kiwo a gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Kamaru, inda Fali da Gude da Margi da Higi da Fulani da Hausawa suke zaune tare, Musulmi da Kirista. Damina takan kama daga Mayu zuwa Oktoba, kuma wannan kalanda ta ruwan sama ita ce kusan kalandar cututtukan yankin.

Dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa mai lamba 69 ta 1992 ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa alhakin rubuta kowace mutuwa. Amma ƙiyasin da aka fi kafa hujja da shi ya nuna cewa kusan mutuwa ɗaya cikin goma ce kawai ake wa rajista a Najeriya, kuma yawancinta a birane, inda magada ke bukatar takarda don banki ko fansho. Manomin da ya rasu a ƙauye da asuba, kafin azahar an yi masa sutura. Jaririn da bai kai ranar suna ba kuwa, sau da yawa ko zaman makoki ba a yi masa. Waɗannan su ne mutanen da alƙaluman hukuma suke tsallakewa.

Hanyar nazari

Binciken ƙasa yana tsayawa ne a matakin shiyya da jiha, ba ya gangarowa mazaɓa. Don haka an ɗauki alƙaluman Arewa maso Gabas a matsayin ma'auni, sannan aka duba abin da ke iya ɗaga su ko sauke su a Mayo Bani: nisan asibiti, ruwan sha, yanayin damina da tasirin rikici. An kauce wa ɗaukar kundin asibiti a matsayin madubin al'umma saboda dalili ɗaya mai ƙarfi. Wanda ya mutu a gadon Babban Asibitin Mubi shi ne wanda ya sami kuɗin mota, ya sami mai kai shi, kuma ransa ya kai. Kundin yakan cika da manya masu hawan jini da waɗanda suka yi hatsari, ya rage jarirai da tsofaffin da suka cika a ɗaka.

Yawan mace-mace

Binciken 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya, 39 suna mutuwa a watan farko, 67 kafin cika shekara, 132 kuma kafin shekara biyar, wato kusan ɗaya cikin takwas. A Arewa maso Gabas adadin na ƙarshe 134 ne. Game da mutuwar mata masu juna biyu, binciken ya ba da 512 cikin haihuwa 100,000, yayin da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya kai 1,047. Wannan rata, ninki biyu, ita kanta shaida ce ta raunin ƙirgar. Idan aka mayar da lissafin kan haihuwa 1,000 a gunduma irin Mayo Bani, ana maganar yara sama da 130 da ba za su kai shekara biyar ba, da iyaye mata tsakanin 5 zuwa 10.

Manyan sanadai

Binciken baka da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2014 da 2019 ya yi tambayoyi ga iyayen da suka rasa yara. A cikin jarirai, abin da ya fi fitowa shi ne shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, da galabaita a lokacin haihuwa, da ciwon huhu. Daga wata ɗaya zuwa shekara biyar kuwa, zazzaɓin cizon sauro ne a gaba, sai gudawa da ciwon huhu.

Zazzaɓin cizon sauro ya cancanci a tsaya a kansa. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi 31 cikin ɗari na duk mutuwar da cutar ke yi a duniya. A ƙasar Mubi lokacinsa yakan yi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba, kuɗin gida ya tafi ga taki da ƙwadago, hanyoyin ƙauye kuma sun ɓaci. Yaron da tamowa ta riga ta raunana, zazzaɓin kwana uku ya isa ya shanye masa jini. Abin da aka saba gani shi ne a fara da jiƙo ko ƙwayar kemis, idan yaro ya soma taune-taune a ce iska ce, sai jikinsa ya yi fari fat a nemi abin hawa. A wannan mataki abin da yake bukata shi ne allura ta jijiya da ƙarin jini, kuma ƙaramin asibitin mazaɓa ba ya ajiye jini. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da maganin rigakafin damina da ake bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata. Amfaninsa tabbatacce ne, amma ya dogara ga uwa ta ba da ragowar ƙwayoyin kwana na biyu da na uku bayan mai rabo ya wuce.

Gudawa tana bin ruwan sha. A watan Mayun 2018 kwalara ta ɓarke a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, ɗaruruwan mutane suka kamu cikin makonni kaɗan, har aka buɗe cibiyar jinya ta musamman a garin. Annoba irin wannan tana jawo hankalin hukumomi, amma gudawar yau da kullum da ake dangantawa da fitar haƙori ta fi ta cin rayukan yara a tsawon shekara, alhali ruwan gishiri da suga tare da ƙwayar zinki sun isa su tsayar da mafi yawanta. Ƙyanda da sanƙarau suna zuwa ne da rani. Adamawa na cikin zirin sanƙarau na Afirka, kuma annobar 1996 ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya.

A wajen mata, zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, doguwar naƙuda da zazzaɓin jego su ne kan gaba. Binciken 2018 ya nuna cewa kusan haihuwa ɗaya cikin huɗu ce kawai ake yi a asibiti a Arewa maso Gabas. Masu bincike Thaddeus da Maine sun bayyana jinkiri uku a 1994: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Zubar jini na iya kashe mace cikin awa biyu, don haka a ƙauyen da rafi ya cika da daddare, jinkiri na biyu kaɗai ya isa. A ra'ayinmu, ɗora laifi kan ungozoma ko maigida bai yi wa lamarin adalci ba, muddin babu motar da za a kira.

Cikin manya akwai tarin fuka, ciwon hanta, hatsarin hanya, saran kububuwa a gona, da hawan jini wanda kusan kashi 30 cikin ɗari na manyan Najeriya ke ɗauke da shi, yawanci ba tare da sun taɓa awo ba sai ɓarin jiki ya shanye.

Tasirin rikici

A ƙarshen Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Mubi, aka ƙwato ta a Nuwamba. Harin masallacin Unguwar Shuwa na 21 ga Nuwamba 2017 ya kashe aƙalla mutum 50, wasu tagwayen hare-hare kuma suka biyo baya ranar 1 ga Mayu 2018. Waɗannan an ƙirga su. Waɗanda suka mutu a hanyar gudun hijira zuwa Yola ko Kamaru, da masu tarin fuka da maganinsu ya yanke, da yaran da suka tsallake allurar ƙyanda a kakar 2014, ba su shiga lissafin yaƙi ba, kodayake yaƙin ne ya ci su.

Abin da za a iya yi

Kowace mutuwa a Mayo Bani akwai wanda ya san da ita: jauro ko mai unguwa, limamin da ya sallaci gawa, faston da ya yi addu'a, masu haƙa kabari. Abin da ya rage shi ne littafi ɗaya a kowace unguwa, mai ɗauke da shekaru, jinsi, rana da wurin rasuwa, har da jaririn da ba a raɗa wa suna ba. Bayan sadakar arba'in, kuma kafin shekara ta zagayo, ma'aikacin lafiya zai iya ziyartar gidan da takardar tambayoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, cikin harshen da mutanen gida suka fi sakewa da shi, mace ta tambayi mace. Tambayar abin da ya faru kafin cikawa ba jayayya ba ce da ajali, kuma malamai da fastoci su ne suka fi dacewa su bayyana hakan a mimbari.

An riga an gwada irin wannan tsari a Nahuce ta jihar Zamfara, inda aka fara bin diddigin mutum sama da 120,000 wajen 2010, haka ma a Navrongo ta Gana da Niakhar ta Senegal. Mubi tana da Jami'ar Jihar Adamawa, wadda ɗalibanta ke neman filin gwaji kowace shekara. Idan hukumar lafiya a matakin farko ta jihar ta ɗauki nauyin littattafan da alawus ɗin masu tambaya, za a iya tattara sakamakon duk bayan wata uku a gabatar da shi gaban hakimi da kwamitin raya mazaɓa, kafin a tsara rabon gidan sauro da maganin damina na shekara mai zuwa.