Edward Woodward: Ɗan wasan Ingila da ya taɓa buɗe kanti a Toro

Duk mai kallon finafinan Amurka ya san Denzel Washington a The Equalizer, tsohon jami'in leƙen asiri mai ƙwato wa marasa gata haƙƙinsu. Amma rigar aro ce Denzel ya sa. Mai rigar na asali wani Bature ne ɗan Ingila, Edward Woodward, wanda ya fito a matsayin Robert McCall a talabijin daga 1985 zuwa 1989, har ya ci kyautar Golden Globe a 1987.

An haife shi a Croydon, kudu da Landan, ranar 1 ga Yuni, 1930. Yana ɗan shekara goma sha shida ya shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo ta RADA, daga nan ya yi shekaru yana yawon dandamali gari-gari. Sai a 1962 wasan Rattle of a Simple Man ya fito da shi a Landan, ya kai shi har New York. Shirin Callan, daga 1967, shi ya shigar da fuskarsa kowane gida a Biritaniya. Ga shi kuma da murya, don har faifan waƙoƙi ya fitar.

A The Wicker Man na 1973 ya fito a ɗan sanda mai tsananin riƙo da addinin Kirista, wanda ya je wani tsibiri neman yarinyar da ta ɓata, ashe rami aka haƙa masa. Mutanen tsibirin suka kulle shi cikin wani ƙaton mutum-mutumi na saƙar ƙirare, suka cinna wuta, suna waƙa yana addu'a. Ihun da ya yi cikin wutar har yau ana maganarsa.

Mu a nan, wasansa da ya fi shafarmu shi ne Mister Johnson na 1990, wanda Bruce Beresford ya ɗauka a Toro ta jihar Bauchi. Labarin daga littafin Joyce Cary ne, tsohon jami'in mulkin mallaka a Borgu. Woodward ya fito a Gollup, tsohon saje mai kanti, mashayi, mai baki ba linzami. Yanzu ya rungumi akawu Johnson yana kiransa aboki, anjima ya kai masa naushi yana zagin launin fatarsa. A ƙarshe Johnson ya soke shi lokacin da Gollup ya kama shi yana satar kuɗin kanti.

A ganina nan ne gwanintarsa ta fi fitowa. Bai yi wa Gollup kwalliya ba, bai kuma mai da shi dodo ba. Ya nuna ƙaramin Bature wanda mulkin mallaka ya ba shi girman da ba zai taɓa samu a ƙasarsu ba. Maynard Eziashi, wanda ya yi Johnson, shi ya tafi da kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin Berlin na 1991, kuma ya cancanta.

Woodward ya rasu a Truro ta yankin Cornwall ranar 16 ga Nuwamba, 2009, shekara biyar kafin Denzel ya fara fitowa a McCall.