Littattafan da Ake Ɓoyewa a Ƙarƙashin Katifa

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, amma ba na sarakuna ko yaƙe-yaƙe ba. Tarihin waɗansu 'yan ƙananan littattafai ne masu siririn bango, waɗanda iyayenmu mata da yayyenmu suka karanta a ɓoye lokacin suna 'yan mata. Wata ta cusa shi a tsakiyar littafin lissafi, wata a ƙarƙashin katifa. Je ka tambayi Anti ko Umma, in ta yi murmushi ta kau da kai, to ka samu amsa.

Littattafan soyayya ake ce musu, kuma ni a ganina sunan nan ya zalunce su. E, akwai soyayya a ciki, har da wasiƙu masu zaƙi. Amma in ka wuce shafukan farko, abin da za ka tarar shi ne gida: auren dole, kishi, saki, uban da ya daina ciyarwa, yarinyar da aka cire daga makaranta. Wato maganar da ake rufe ƙofa kafin a yi ta.

Ya aka yi suka ɓullo? A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE, yara suka cika azuzuwa. Bayan shekara goma sai ga matasa birjik da suka iya karanta Hausar boko, ga shi kuma tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i sun ja baya. Sai marubuta suka ce bari mu buga da kanmu. Mutum ya rubuta, ya kai wa mai injin bugawa, ya kai kasuwa. Wanda ba shi da kuɗin saye ya je wurin masu haya. Kafin wannan guguwar ma, Hafsat Abdulwaheed ta riga ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980, labarin 'yar Fulani da ta ƙi bin zaɓin dangi.

Amma wadda nake so mu daɗe a kanta ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala. Ita kanta an cire ta daga makaranta, aka yi mata aure tana 'yar shekara 13 ko kusa da haka, auren kuma bai ɗore ba. Daga baya ta koma karatun manya. Saboda haka da ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a 1990, ba jita-jita take ba mu ba. Abu, yarinyar labarin, uba ya hana ta boko, saurayin da take sa rai ya guje ta don wai jahila ce, aka ɗaura mata aure da tsoho, Sarkin Noma. Littafin bai yi kara ba wajen nuna abin da ke samun yarinyar da jikinta bai isa ba. Abu ta gudu Kano wurin gwaggonta, ta yi karatu, ta zama mutum. Ku yi tunanin 'yar shekara 14 tana karanta wannan da fitilar ƙwai, alhali an riga an karɓi kuɗin gaisuwarta.

Sai Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma na 1990. Rabi na da 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai hali, amma cefane sai an yi da gaske. Ya auro Delu, matar bariki, rikici ya tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta koma sayar da abinci tana riƙe da su. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yaran, musamman Saudatu, da ke kallon yadda uba ya juya musu baya. Daga baya gobara ta cinye shagon Alhaji, zama da Delu ya watse, sai dangi suka taru a kan Rabi wai ta koma. Har gobe masu karatu na gardama a kan wannan ƙarshen. Wasu su ce haƙurinta ne ya yi riba, wasu su ce an dai sake ɗora mata kaya ne. Ni ina ɓangare na biyu, amma ku faɗi naku a ƙasa.

Maza ma sun taɓa. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, Sumayya rijiya ta faɗa saboda an raba ta da talakan da take so. Wannan fa a garin da ko ambaton irin haka ba a son yi.

To, ba a bar su sun sha iska ba. A shekarun 1990 aka yi ta muhawara a jaridu irin su Nasiha da New Nigerian. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba su da nauyin da za su ɗore. Irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu. Malamai da iyaye kuwa kukansu ɗaya, wai littattafan na koya wa 'yan mata rashin kunya da bijire wa iyaye. Kuma gaskiya akwai na banza a cikinsu, ba za mu ɓoye ba, wasu kwafin finafinan Indiya ne kawai. Sai dai wuta ba ta tantancewa. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai a wata makarantar 'yan mata a Kano. Bayan nan Hukumar Tace Finafinai ta matsa wa marubuta su yi rajista, a riƙa duba rubutunsu kafin ya shiga kasuwa.

Shekara biyar bayan wannan wutar, a 2012, wani kamfanin ɗab'i mai suna Blaft a birnin Chennai na Indiya ya fitar da Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, fassarar Aliyu Kamal. Indiyar nan dai da ake cewa daga can muke kwafa.

Yanzu masu haya sun yi ƙaranci, labaran sun koma Wattpad da gurup-gurup na WhatsApp, ana biyan kuɗi ta waya a turo maka shafi-shafi. Fyaɗe, shaye-shaye, ɗan uwa mai cin amanar gida, duk ana rubutawa, wani da hankali, wani don neman kasuwa kawai. Ita kuma Umman da ta ɓoye nata a ƙarƙashin katifa, yau ita ke cewa miƙo wayar nan in ga me kike karantawa.